Yadda Dafin Bakteriya ke Kama Jijiya da Tsoka: Nazari a kan Tetanus da Botulizim

Gabatarwa

Likitan yara da ya daɗe yana aiki a ƙasar Hausa ba ya buƙatar dogon bincike kafin ya gane jaririn da tetanus ya kama. An haife shi lafiya, ya yi kwana huɗu ko biyar yana shan mama kamar kowane jariri, sai ana jibi suna ko ana gobe suna ya kasa buɗe baki. Daga nan wuya ya ƙage, hannuwa su dunƙule, baya ya banƙare, kuma ko ƙarar rufe ƙofa ta isa ta jefa shi cikin wata sabuwar jijjiga. Wannan ce cutar da wasu ke kira sarƙewar haƙora, wasu kuma tsinkau-tsinkau. A can wani ɗakin kuma ana iya samun babban mutum da ya ci wani abinci da aka adana, washegari fatar idonsa ta soma saukowa, yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, haɗiya ta gagara, murya ta dushe, jiki ya yi ta saki daga sama zuwa ƙasa har ya kasa jan numfashi. Wannan ita ce cutar botulizim.

Wanda ya ga majinyatan nan biyu zai rantse babu abin da ya haɗa su, domin ɗaya ya sandare, ɗaya ya saki. Amma ƙwayoyin da ke haddasa cututtukan 'yan gida ɗaya ne, dafin da suke fitarwa kusan ƙira ɗaya ne, kuma abin da suke lalatawa a cikin jijiya ma kusan abu ɗaya ne. Wannan maƙala za ta bi sawun dafin daga inda yake fitowa zuwa inda yake ɓarna, don a ga yadda makami iri ɗaya ke haifar da sakamako biyu masu kishiyantar juna.

Ya kamata a yi togaciya a kan kalmar jijiya. A Hausa kalmar tana da faɗi: akwai jijiyar jini, akwai jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, har saiwar itace ma akan kira ta jijiya. A nan, abin nufi shi ne farin zaren nan da ke ɗaukar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da laka da sauran jiki.

Yadda umarni ke isa ga tsoka

Idan mutum ya yi niyyar ɗaga ƙafa, umarnin yakan tashi daga ƙwaƙwalwa ya gangara ta cikin laka. A nan wata jijiya, wadda ake kira jijiyar motsi, za ta karɓe shi ta fita da shi zuwa ga tsoka. Wasu daga cikin waɗannan jijiyoyi, kamar waɗanda ke tashi daga ƙugu zuwa tafin ƙafa, tsawonsu yakan kai mita guda, alhali kowace ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak. Saƙon yana gudu a cikinta ne a matsayin ɗan motsin lantarki.

Sai dai bakin jijiyar bai manne da tsoka ba. Akwai wata 'yar tazara tsakaninsu, wadda ba a iya gani sai da madubin lantarki, kuma saƙon ba ya tsallake ta da kansa. Saboda haka a bakin jijiyar akwai dubban 'yan jakunkuna cike da wani sinadari mai suna asitilkolin. Da isowar saƙo, sai ƙofofin sinadarin kalsiyam su buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki, jakunkunan su haɗe da bangon jijiyar su zazzage abin da ke cikinsu a cikin tazarar. Asitilkolin ya ƙetara ya taɓa tsoka, tsoka ta tsuke. Otto Loewi da Henry Dale, waɗanda suka tabbatar da cewa sinadari ne ke isar da saƙon jijiya, sun sami kyautar Nobel a 1936.

Haɗuwar jaka da bango ita ce gaɓar da ta fi muhimmanci ga wannan nazari. Furotin uku ne ke yin aikin. Ɗaya yana jikin jakar, ana kiran sa sinaptobirebin. Biyu suna jikin bangon, su ne sintaksin da SNAP-25. Sukan naɗe juna kamar yadda ake tufka igiyar rama, kuma yayin da tufkar ke ƙara ɗamewa, sai ta jawo jakar ta matse ta da bango har su zama fata ɗaya. Idan aka tsinke ko da sili ɗaya daga cikin ukun, jakar za ta tsaya a bakin ƙofa cike da kaya, ba ta da hanyar saukewa.

Akwai kuma wani tsari na biyu wanda mutum ba ya jin aikinsa sai ranar da ya rasa shi. Tsokoki suna aiki ne bibbiyu: idan ta gaban damtse ta tsuke don lanƙwasa hannu, dole ta baya ta saki. Masu ba da umarnin sakin wasu gajerun jijiyoyi ne da ke cikin laka, waɗanda ke zuba sinadarai biyu, gilaisin da GABA, a kan jijiyar motsi don su kwantar da ita. Su ne linzamin dokin. Su ma da irin waccan tufka ta furotin uku suke zazzage jakunkunansu.

Masu dafin

Ƙwayoyin biyu su ne Clostridium tetani da Clostridium botulinum. Dukansu ba sa rayuwa inda iskar oksijin take, kuma dukansu suna da dabarar tsira iri ɗaya: idan wuri ya yi musu tsanani, sai su dunƙule su zama wani ɗan iri mai sulke, wanda ke jure rana da fari da tafasasshen ruwa, ya yi shekaru a cikin ƙasa yana jira. Irin tetanus yana da yawa a ƙasar noma da turke da garke, domin yana bi ta hanjin dawaki da shanu da tumaki ya fito a kashinsu. Wannan ya sa maganar da ake yawan yi cewa tsatsa ce ke kawo cutar ba daidai ba ce. Laifin ƙusa mai tsatsa shi ne ta daɗe a ƙasa ta kwashi irin, sa'an nan ta yi rami mai zurfi da ƙaramin baki wanda iska ba ta shiga. Ƙaya ko karan dawa ko tsinken itace suna iya yin wannan aiki sarai.

Dafin da kowace ke fitarwa furotin ne babba mai sassa biyu da aka ɗaure da juna. Babban sashen shi ne ɗan jagora: shi ke gane bakin jijiyar motsi, ya manne da shi, ya sa jijiyar ta haɗiye dafin da kanta. Ƙaramin sashen kuwa almakashi ne mai ɗauke da ƙwayar zinki, kuma aikinsa ɗaya ne, wato yanke silin tufkar nan. A 1992 ne Giampietro Schiavo da Cesare Montecucco da abokan aikinsu a Jami'ar Padua ta Italiya suka nuna cewa dafin tetanus da wani nau'i na dafin botulinum duka sinaptobirebin suke yankewa, kuma a gurbi ɗaya. Ba da daɗewa ba aka gano cewa wasu nau'o'in suna yanke SNAP-25 ko sintaksin. Wannan bincike ya yi wa ilimin jijiya babbar rana, domin dafin ne ya nuna wa masana cewa waɗannan furotin uku su ne ginshiƙin aikin. Kyautar Nobel ta 2013 da aka ba James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof a kan safarar jakunkuna a cikin ƙwayar halitta tana da alaƙa ta kusa da wannan gano.

Almakashi ba ya ƙarewa don ya yi yanka. Ƙwayar dafi guda tana iya bin furotin ɗaya bayan ɗaya tana datsewa na tsawon makonni. A nan ƙarfinsa yake. An ƙiyasta cewa nanogiram 1 zuwa 2 na dafin botulinum a kan kowane kilo na nauyin mutum ya isa kisa idan ta jini ya shiga, na tetanus kuma kimanin nanogiram 2.5, alhali nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Babu dafin maciji ko na kunama da ya kusanci wannan.

Botulizim: dafin da ke tsayawa a bakin ƙofa

Dafin botulinum ba ya yin nisa. Yana shiga bakin jijiyar motsi, ya yanke tufkar a nan take, asitilkolin ya daina fita. Ƙwaƙwalwa tana aika umarni, jijiya tana kawo shi, tsoka kuma lafiyarta lau, amma saƙon ba ya ƙetare tazarar. Alamomin sukan bayyana tsakanin awa 12 zuwa 36 bayan cin abincin, su fara daga ido da fuska da maƙogwaro, su gangara zuwa hannuwa da ƙirji. Yawanci babu zazzaɓi, hankali kuma yana nan garau, majinyaci yana ji yana fahimta ko da ya kasa ɗaga fatar ido. Abin da ke kisa shi ne tsayawar tsokokin numfashi.

Sunan cutar ya samo asali ne daga kalmar Latin ta niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a hanji. Wani likita kuma mawaƙi na kudancin Jamus, Justinus Kerner, shi ya fara bayyana alamominta dalla-dalla a wajajen 1820, bayan mutane da dama sun mutu a yankin Württemberg saboda cin irin wannan nama. Ƙwayar kanta ba a gano ta ba sai bayan abin da ya faru a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam a 1895, inda wasu mabusa suka ci naman alade mai gishiri bayan wata jana'iza, uku daga cikinsu suka mutu. Émile van Ermengem na Jami'ar Ghent ya ware ƙwayar daga ragowar naman.

A nan mutum yakan ci dafin ne da aka riga aka haɗa a cikin abinci. Ƙwayar tana buƙatar wuri marar iska, mai ɗan danshi, marar tsami sosai: gwangwanin da ba a dafa yadda ya kamata ba, kwalbar kayan lambu da aka toshe a gida, kifin da aka jiƙa ba a cire hanjinsa ba. A watan Afrilu na 1991 mutane 91 sun kwanta a asibitocin Alƙahira, 18 suka mutu, bayan cin fasik, wato kifin gishiri da Misirawa ke ci a bikin Sham al-Nasim. Dafin kansa ba ya jure zafi, minti biyar a ma'aunin 85 ya isa ya lalata shi. Irin ne mai taurin kai, shi ya sa masana'antun gwangwani ke dafa kayansu a ma'aunin 121 cikin tukunyar matsi. Gwangwanin da ya kumbura ba abin ɗanɗanawa ba ne.

Jarirai suna da tasu hanyar kamuwa, wadda aka fara bayyanawa a Kalifoniya a 1976. Hanjin yaron da bai kai shekara ba bai cika da ƙwayoyin kirki masu tsare gida ba, saboda haka idan ya haɗiyi irin, sai ya tsiro a cikinsa ya yi dafi a can. Zuma tana daga cikin abubuwan da ke ɗauke da irin, shi ya sa likitoci ke hana ba da ita kafin yaro ya cika shekara guda. Wannan gargaɗi ya shafi kowane gida da ake lasa wa jariri zuma, komai kyawun niyyar mai lasawar.

Makiyaya ma suna da ruwa da tsaki a batun. A Afirka ta Kudu, Arnold Theiler ya gano a wajajen 1920 cewa wata cuta mai shanye shanu botulizim ce: ƙasar kiwon ba ta da isasshen sinadarin fosfaras, sai kwaɗayinsa ya sa shanun tauna ƙasusuwan mushe, su kwashi dafin a can. Saniyar da aka ga tana gwaguyar ƙashi a rani tana nuna ƙarancin da ke jikinta ne, kuma tana cikin haɗari. A kaji da agwagi, cutar takan sa wuya ya langaɓe.

Abin mamaki, wannan dafi ya zama magani, kamar yadda Kerner ya yi hasashe tun farko. Alan Scott, likitan ido a San Faransisko, ya gwada allurar ɗan mitsitsin kaso a tsokar idon masu harara-garke, don a sassauta tsokar da ta fi jan ƙwayar ido. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1989, sa'an nan a 2002 ta amince da amfani da shi wajen shafe tamoji a goshi, inda sunan Botox ya yi tashe. Harkar kwalliyar ta fi suna, amma amfanin da ya fi nauyi shi ne sassauta tsokar da ta ƙage bayan shanyewar ɓarin jiki, ko ta yaran da ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni wajen haihuwa. Aikin allurar yakan gushe bayan wata uku zuwa huɗu, lokacin da jijiya ta sabunta furotin ɗinta.

Tetanus: dafin da ke tafiya har laka

Dafin tetanus ma ta bakin jijiyar motsi yake shiga, amma ba ya buɗe almakashinsa a nan. Kowace jijiya tana da hanyar sufuri a cikinta wadda ke mayar da kaya daga baki zuwa tushe, sai dafin ya hau wannan hanya ya yi ta hawa har cikin laka. Da ya isa, sai ya fice daga jijiyar motsin ya shiga gajerun jijiyoyin nan masu riƙe da linzami, ya yanke sinaptobirebin ɗinsu. Gilaisin da GABA suka daina fita, jijiyar motsi ta rasa mai ce mata tsaya. Ke nan bambancin cututtukan biyu yana ga ɗan jagoran da ke ɗauke da almakashin, domin shi ke zaɓar inda za a sauke shi.

Wannan tafiya ce ke bayyana abubuwa da dama da likitoci ke gani. Cutar takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, wani lokaci ma ciwon da ta shiga ta cikinsa ya riga ya warke an manta da shi. Muƙamuƙi da wuya ne ke fara kamuwa, domin jijiyoyinsu gajeru ne, dafin ya fi saurin kai wa ga tushensu. Fuska takan ɗame ta yi kamar mai yaƙe. Da yake tsokokin baya sun fi na ciki ƙarfi, idan duka suka tsuke a lokaci guda sai na baya su rinjaya, jiki ya lanƙwashe kamar baka, ƙeya da dunduniya kaɗai ke taɓa shimfiɗa. Jijjigar tana iya karya ƙashin baya. Duk wannan yana faruwa majinyaci yana cikin hayyacinsa, yana jin zafin kowace tsukewa. A mako na biyu kuma dafin yakan rikita jijiyoyin da ke kula da bugun zuciya da hawan jini, sai a ga jini ya hau ya sauka ba ƙa'ida. Gwargwadon saurin bayyanar cutar, gwargwadon tsananinta.

Jinya tana da iyaka bayyananniya. Maganin karya dafi yana kama wanda ke yawo a jini ne kawai. Wanda ya riga ya shiga jijiya ya tsere masa. Saura sai a wanke ciwon, a kashe ƙwayar da magani irin su metronidazol, a kwantar da jijjiga da diyazefam ko sinadarin magniziyam, a ajiye majinyaci a ɗaki mai duhu marar hayaniya, a sa masa na'urar numfashi idan ta kama, a jira makonni huɗu zuwa shida har jijiyoyi su gyara kansu. Inda babu na'urar numfashi, mace-mace suna da yawa ƙwarai. Wani abin lura kuma, wanda ya warke bai sami kariya ba, domin dafin da ya kwantar da shi bai kai yawan da garkuwar jiki za ta koyi gane shi ba. Dole a yi masa rigakafi kafin a sallame shi.

Ba duk ɓarnar da bakteriya ke yi wa jijiya ce ke bin wannan hanya ba. Dafin mashaƙo, cutar da ta ɓarke a Kano da maƙwabtanta daga ƙarshen 2022, yana hana ƙwayar halitta ƙera furotin ne, sai rigar da ke lulluɓe jijiya ta lalace, makonni bayan ciwon maƙogwaron a ga ruwa yana fitowa ta hanci idan yaro ya sha. Ƙwayar kuturta kuwa da kanta take shiga jijiya ta zauna, ba ta aika dafi.

Cibi da kwana bakwai

Ga jariri, ƙofar shigar ita ce cibi. Ragowar cibiyar nama ne da ke mutuwa, babu jini mai kawo iska a cikinsa, wurin da irin tetanus ke so ke nan. Tsohuwar reza, zaren da aka ɗauko a ƙasa, tsumman gashi da ba a wanke ba, toka ko wani abin da aka shafa don cibi ya yi saurin faɗuwa, kowanne yana iya kawo shi. Haka nan askar da ba a tafasa ba wajen kaciya ko cire beli ko tsaga. Alamomi sukan bayyana tsakanin kwana 4 zuwa 14, galibi wajen kwana na bakwai, wanda a ƙasar Hausa ya zo daidai da ranar suna. Wannan ƙidaya ba ta wuri ɗaya ba ce: a ƙasashen Latin Amurka ana kiran cutar ciwon kwana bakwai, a tsibirin St Kilda na Sikotland kuma, inda ta yi ta kashe jarirai a ƙarni na 19, ciwon kwana takwas.

Hanyar kariya ta fito ne daga bincike na shekaru kusan arba'in. A 1884 Arthur Nicolaier ya nuna cewa ƙasa tana ɗauke da mai haddasa cutar. A 1889 Kitasato Shibasaburo, ɗan Japan da ke aiki a ɗakin binciken Robert Koch a Balin, ya ware ƙwayar ita kaɗai, a shekara ta gaba kuma shi da Emil von Behring suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da aka saba wa dafin yana kare wata dabbar. A shekarun 1920 Gaston Ramon da abokan aikinsa a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka jiƙa dafin da fomalin, ya rasa ikon yanka amma ya riƙe kamanninsa, ta yadda garkuwar jiki za ta gan shi ta shirya masa. Wannan dakusasshen dafi shi ne allurar rigakafin da ake yi har yau. A Nijeriya yana cikin allurar nan mai kare cututtuka biyar da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14. Kwanakin farko kuwa, kafin a kai ga waɗannan allurai, kariyar uwa ce ke tsare shi: idan an yi wa mai ciki allurar, sinadaran garkuwarta sukan ratsa ta mabiyiya su shiga jinin ɗan tayi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai 787,000 ne tetanus ya kashe a 1988, adadin kuma ya sauko zuwa kimanin 25,000 a 2018. Ma'aunin da hukumar ta sa shi ne a samu ƙasa da jariri ɗaya mai cutar cikin kowane dubu da aka haifa, a kowace gunduma ta ƙasa. Ghana da Kamaru da Nijar da Chadi duk sun kai ga wannan matsayi. A 2024, Nijeriya da Sudan suna cikin ƙasashe kimanin goma da suka rage. Ko a ƙasashen da suka kai, aikin ba ya tsayawa, domin tetanus ba kamar agana ba ne da aka shafe daga doron ƙasa a 1980. Ba daga mutum zuwa mutum yake yaɗuwa ba, saboda haka allurar maƙwabci ba ta kare kowa, irin kuma yana nan a gona da turke da bakin rijiya, ko an yi shekara ashirin ba a ga mai cutar a garin ba.